JOHN BELL: ƊAN TALAKAWAN DA YA RABA GARDAMAR MANYA

Ran 4 ga watan Oktoba, 2022, aka ba da sanarwa a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin cewa mutum 3 ne suka ci kyautar Nobel ta ilmin fiziks a shekarar, watau Alain Aspect na Faransa, da John Clauser na Amurka, da Anton Zeilinger na Ostiriya. Amma a cikin takardar sanarwar akwai sunan mutum na huɗu wanda bai sami ko kwabo ba, domin ya riga ya yi shekara 32 da rasuwa, ita kuwa wannan kyauta ba a ba mamaci. Sunansa John Stewart Bell. Tushen aikin da ya kai mutanen nan uku ga wannan daraja shi ne wani ɗan lissafi mai shafi 6 wanda Bell ya rubuta cikin 1964, ba kuwa don shi ake biyansa albashi ba.

ASALINSA

An haifi John Bell ran 28 ga watan Yuli, 1928, a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, garin masaƙu da maƙerar jiragen ruwa. Sunan ubansa John, uwarsa kuwa Annie. Su huɗu ne a wurin iyayensu, shi ne na biyu. Gidansu ba gidan masu hali ba ne, iyayen kuma ba su yi zurfi a makaranta ba. Tun yana ƙarami ya saba da zuwa ɗakin karatu na gari yana aron littattafai, in ya dawo ya dami mutanen gida da labarin abin da ya karanta, har suka laƙaba masa Farfesa. Yana ɗan shekara 11 ya gaya wa uwarsa shi masanin kimiyya yake so ya zama.

A zamanin nan kuwa makarantar sakandare ba kyauta ba ce a ƙasarsu, sai cikin 1947 aka yi dokar da ta buɗe ta ga kowa. Manyan makarantun garin sun fi ƙarfin aljihun ubansa, sai aka lallaɓa aka sa shi makarantar koyon sana'a ta Belfast, inda ake haɗa karatun littafi da aikin hannu. A cikin 'yan ɗakinsu shi kaɗai ya wuce shekara 14 yana makaranta. Yana cikin wannan karatu ne jiragen Jamus suka yi wa Belfast ruwan bama-bamai cikin 1941, mutum kusan 1,000 suka halaka.

Ya gama cikin 1944 yana da shekara 16. Shekarunsa ba su kai na shiga jami'a ba, ga shi kuma ba kuɗi. Sai ya nemi aiki a Jami'ar Queen's ta Belfast, aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaje-gwaje a sashen fiziks, watau mai shirya wa ɗalibai kayan aiki, in sun gama ya kwashe. Malamai biyu na sashen, Karl Emeléus da Robert Sloane, suka lura yaron nan ba a banza yake ba. Suka riƙa ba shi aron littattafai, suka kuma yarda ya zauna cikin ajin 'yan shekarar farko yana saurare. Da ɗan abin da ya tara daga albashinsa ya shiga jami'ar sosai cikin 1945. Ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya cikin 1948, ya ƙara wani irinsa a fannin lissafin fiziks cikin 1949.

CIN RANI A INGILA DA JANEBA

Yadda ɗan Arewa ke ɗaukar jakarsa ya nufi Kurmi neman abin kansa, haka Bell ya haye teku zuwa Ingila cikin 1949, domin ba shi da halin zama ya ci gaba da karatu ba albashi. Ya kama aiki a ma'aikatar binciken ƙarfin nukiliya ta gwamnatin Ingila da ke Harwell, aka tura shi reshenta na Malvern. Aikinsa shi ne lissafin yadda za a ƙera injunan da ke kora ƙananan ƙwayoyin halitta da gudu mai tsanani, don a gwara su a ga abin da ke cikinsu. A nan ya sadu da Mary Ross, 'yar Sikotilan, ita ma masaniyar fiziks, suka yi aure cikin 1954. Ba su sami haihuwa ba, amma sun zauna tare har mutuwa ta raba, har akwai takardun bincike da suka rubuta tare.

Cikin 1953 ma'aikatar ta ba shi shekara guda ya je Jami'ar Birmingham wurin shaihun malami Rudolf Peierls. Can ya gano wata muhimmiyar ƙa'ida game da halin ƙwayoyin halitta, amma kafin ya buga sai ga labari wani Bajamushe, Gerhart Lüders, ya riga shi. Bai karaya ba, ya ƙara wani aikin a kai, ya sami digirin dokta cikin 1956.

Cikin 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, shi da matarsa suka ajiye aikin gwamnati mai fansho suka koma CERN, babbar ma'aikatar bincike wadda ƙasashen Turai 12 suka haɗa kuɗi suka kafa cikin 1954 a birnin Janeba na Suwizalan. Nan ya yi sauran shekaru 30 na rayuwarsa. Aikin da aka ɗauke shi dominsa bai yi masa riƙon sakainar kashi ba. Cikin 1969 shi da Roman Jackiw suka warware wata matsala da ta dami masana game da yadda wata ƙwaya mai suna payon take narkewa ta zama haske, a daidai lokacin da Stephen Adler ya gano haka a Amurka. Irin wannan aiki ne ya sa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta zaɓe shi cikinta a 1972. Amma akwai wani abu dabam da ke cin ransa tun yana ɗalibi, wanda yakan duba in ya tashi daga aiki.

GARDAMAR DA MANYA SUKA BARI

Kowane abu a duniya, ko dutse ko ruwa ko jikin ɗan Adam, an gina shi da ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani. Cikin 1925 da 1926 wasu masana a Turai, musamman Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger, suka fito da lissafin da ke bayyana halin waɗannan ƙwayoyi da na haske. Shi ake kira ilmin kwantam. Lissafin ya yi aiki ƙwarai, a kansa aka ƙera tiransisto ɗin da ke cikin rediyo, da kwamfuta, da wayar hannu. Sai dai yana da wani hali mai ban mamaki. Ba ya faɗin abin da ƙwaya guda za ta yi in an auna ta, sai dai ya ce in an auna dubu, kashi kaza za su yi haka, kashi kaza su yi haka.

Niels Bohr na ƙasar Danmak da almajiransa suka ce iyakar abin da za a iya sani ke nan, kafin a auna ƙwaya ba ta da wani tsayayyen hali da za a yi magana a kansa. Albert Einstein bai yarda ba. A ganinsa lissafin daidai ne amma bai cika ba, lalle akwai wani abu a ɓoye da ba a gano ba tukuna. Cikin 1935 shi da Boris Podolsky da Nathan Rosen suka buga takarda don su nuna haka. Suka kawo zancen ƙwayoyi biyu da suka fito daga tushe ɗaya, kamar tagwaye, kowace ta kama hanyarta. Lissafin ya ce in an auna ɗaya, nan take an san abin da za a samu a ɗayar, komai nisanta.

Ga misali. Mutum ya sayi takalmi a kasuwar Kurmi ta Kano, ya ƙunshe kowane wari dabam, ya aika ɗaya Agege, ɗaya Sabo ta Badun. Wanda ya kwance ƙunshin Agege ya ga na hagu, ya san na dama yana Badun. Ba abin mamaki a nan, domin tun a Kano aka raba su haka. Einstein ya ce haka ƙwayoyin suke, tun daga tushe kowace ta ɗauko halinta. In kuwa an ce ba haka ba ne, to sai dai a ce kwance ƙunshin Agege shi ya mai da na Badun na dama nan take, alhali kuwa shi ya riga ya nuna ba abin da ke wuce haske gudu, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa. Bohr ya ba da amsa a shekarar, yawancin masana suka ce ya yi nasara, ko da yake ba kowa ya fahimci amsar ba. Bugu da ƙari, tun 1932 wani gawurtaccen masanin lissafi, John von Neumann, ya kawo hujjar da aka ɗauka ta nuna ɓoyayyen abin da Einstein ke nema ba zai yiwu ba. Wata Bajamushiya, Grete Hermann, ta nuna ɓaraka a hujjar cikin 1935, ba wanda ya kula ta. Einstein ya rasu cikin 1955, Bohr ya bi shi cikin 1962, aka ɗauka magana ta mutu. Saurayin da ya tayar da ita kuwa sai a riƙa yi masa kallon wanda ba shi da aikin yi.

Bell tun a Queen's bayanin da ake yi wa ɗalibai bai gamshe shi ba, har ya taɓa yin zazzafar gardama da malaminsa Sloane a kai. Cikin 1952 sai ga takardu biyu daga David Bohm, Ba'amurken da rikicin siyasa ya raba shi da aikinsa a Princeton ya koma Birazil. Bohm ya gina irin lissafin nan da aka ce ba zai ginu ba, ya kuwa ba da amsa daidai da ta kwantam. Bell ya ga abin da aka ce ba ya yiwuwa ga shi an yi. Ya ajiye abin a ransa fiye da shekara 10, yana ta aikin da ke gabansa.

SHAFI SHIDA

A ƙarshen 1963 aka ba shi hutun shekara guda na bincike, ya tafi Amurka, ya zauna a Stanford, da Wisconsin, da Brandeis. Can ya rubuta takardu biyu. Ta farko ta nuna inda von Neumann ya yi kuskure, watau ya ɗora wa ɓoyayyen abin wani sharaɗi wanda ba dole ba ne. Takardar ta ɓace a ofishin mujallar da ya aika wa, ba ta fito ba sai 1966. Yana cikin rubuta ta ya lura a lissafin Bohm abin da aka yi wa ƙwaya a nan yana shafar 'yar'uwarta a can nan take. Sai ya tambayi kansa, shin wannan aibin lissafin Bohm ne kaɗai, ko kuwa duk wanda ya gwada haka zai tarar? Amsar ita ce takarda ta biyu. Ya aika da ita wata sabuwar mujalla mai suna Physics, domin babbar mujallar Amurka tana karɓar kuɗin bugu, shi kuwa baƙo ne, yana jin nauyin ya ce masu masaukinsa su biya. Ta isa hannunsu ran 4 ga watan Nuwamba, 1964.

Ga abin da ya gano, cikin sauƙaƙƙen misali irin wanda malamai na baya suka riƙa bayarwa. A ɗauka alƙali yana da shaidu tagwaye, Hassan da Husaini. Ya sa aka raba su, ɗaya a Ikko ɗaya a Kano, ba waya ba wasiƙa. Akwai tambayoyi 3, amsar kowace i ce ko a'a. Kowannensu tambaya guda za a yi masa, ƙuri'a ce kuma za ta zaɓe ta bayan an raba su. Aka yi haka da dubban tagwaye. Aka ga duk sa'ad da ƙuri'a ta ba su tambaya iri ɗaya, amsarsu ba ta taɓa saɓawa ba. Mai hankali zai ce sun haɗa baki tun daga gida, sun shirya amsar kowace tambaya. Ra'ayin Einstein ke nan.

To, amma mai karatu ya duba. Tambayoyi 3 ne, amsa kuwa iri 2 ce kawai, saboda haka ko yaya suka ƙulla, tilas 2 daga cikin amsoshin nan 3 su zo iri ɗaya. Ke nan a lokutan da aka yi musu tambayoyi dabam-dabam, tilas bakinsu ya zo ɗaya aƙalla sau 1 cikin 3, watau wajen 33 cikin 100. Ba dabarar da za ta sa ya gaza haka. Lissafin kwantam kuwa ya ce tagwayen ƙwayoyin haske, in an karkata ma'aunan biyu ta wata fuska, sau 1 cikin 4 kawai za su dace, watau 25 cikin 100. Ashe maganar Einstein da lissafin kwantam ba amsa ɗaya suke bayarwa ba, ɗayansu tilas ya faɗi. Gardamar da aka yi shekara 29 ana yi da fatar baki ta zama abin da za a ɗora a kan sikeli.

GANI YA KORI JI

Shekara 5 takardar nan tana kwance kusan ba mai ambatonta, mujallar ma ta mutu cikin 1968. Sai wani ɗalibi a Jami'ar Columbia, John Clauser, ya ci karo da ita a ɗakin karatu. Cikin 1969 shi da Michael Horne da Abner Shimony da Richard Holt suka gyara lissafin yadda zai gwadu da kayan aiki na gaske. Cikin 1972 Clauser da Stuart Freedman suka yi gwajin a Berkeley ta Kalifoniya. Clauser yana fatan Einstein ya yi nasara, amma ma'auni ya bi bayan kwantam.

Cikin 1975 wani saurayi Bafaranshe, Alain Aspect, ya zo Janeba ya gaya wa Bell yana son ya yi gwajin da ya fi wannan tsanani. Abin da Bell ya fara tambayarsa shi ne ko yana da tsayayyen aikin da ba za a kore shi ba, domin ya san yadda ake kallon masu taɓa wannan magana. Cikin 1982, a Orsay kusa da Faris, Aspect da abokan aikinsa suka ajiye ma'aunan biyu mita 12 tsakani, suna sauya tambayar wajen sau miliyan 100 a daƙiƙa, bayan ƙwayoyin sun riga sun kama hanya, don kada wani saƙo ya sami zarafin ƙetarewa ko da gudun haske yake yi. Amsa ba ta sake ba.

Shi kansa Bell zuciyarsa tana wajen Einstein, yana ganin tunaninsa ya fi na Bohr tsabta nesa ba kusa ba. Ga shi kuwa lissafin da ya yi da hannunsa ne ya rushe abin da Einstein ya fi so. Bai nemi hanyar zillewa ba, ya karɓi hukuncin ma'auni. Amma kuma bai yarda an gama magana ba. Har ƙarshen ransa yana cewa bai kamata a gina dokar halitta a kan kalmar awo ba, alhali ba wanda ya iya faɗin inda ƙwaya ta ƙare ma'auni ya fara. Ya tara rubuce-rubucensa a kan haka cikin littafi guda a 1987. Ya kuma bayyana cewa wannan alaƙa ta tagwayen ƙwayoyi ba ta aika saƙo, domin wanda ke gefe guda ba shi da ikon zaɓen amsar da za ta fito, sai an kawo takardun gefen biyu an gwama ake ganin abin mamakin.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Waɗanda suka zauna da shi sun san shi mutum ne mai jan gashi da gemu, mai magana a hankali da ban dariya a fakaice, ba ya cin nama, ba ya kuma son a kambama abin da ya gano. Girmamawa ta zo masa a makare. Cikin 1988 Jami'ar Queen's, inda ya fara da aikin yaron ɗakin gwaji, ta ba shi digirin girmamawa, cikin 1989 kuma ya sami lambar Hughes a Ingila da kyautar Heineman a Amurka. Ran 1 ga watan Oktoba, 1990, jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu a Janeba yana da shekara 62.

Bai ga amfanin da za a ci da aikinsa ba. Shekara guda bayan rasuwarsa, cikin 1991, Artur Ekert na Oxford ya nuna za a iya amfani da gwajin Bell a kulle saƙon asiri, yadda duk wanda ya yi satar saurare asirinsa zai tonu. Cikin 1998 mutanen Zeilinger suka maimaita gwajin a Innsbruck da tazarar mita 400. Cikin 2015 aka toshe manyan kafofin shakka da suka rage a gwaje-gwaje 3, a Delft ta Holan, da Biyana, da Boulder ta Amurka. Cikin 2017 masanan ƙasar Sin suka harbo tagwayen ƙwayoyin haske daga tauraron ɗan Adam zuwa tashoshi biyu masu tazarar kilomita 1,200, abin da ya fi nisan Ikko zuwa Kano, amsa tana nan yadda take. Sabuwar kwamfutar kwantam da manyan ƙasashe ke tseren ƙerawa, da irin wannan alaƙa take aiki. Ma'anar abin kuwa, har yanzu masana ba su haɗu a kan baki ɗaya ba.

Cikin watan Yuni na 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 ta zama shekarar ilmin kwantam, ƙasar Gana ce kuwa ta gabatar da ƙudurin a zauren. A gida Nijeriya ma ƙofar wannan ilmi ba a rufe take ba. Ana koyar da fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, a Abuja kuma akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da aka kafa a 2007, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali. Magidancin da ke fama a Mile 12 ko Sabo ko Fatakwal, yana tunanin ko ya cire yaro daga makaranta ya zo ya taya shi tsaron kaya, ya tuna a gidan su Bell su huɗu ne, guda aka iya lallaɓawa ya wuce shekara 14 a aji.

A garinsu Belfast, hukumar birni ba ta saba sa wa titi sunan mutum ba. Da aka cika shekara 50 da fitar takardar nan aka nemi a karrama shi, sai wannan al'ada ta tare hanya. Cikin 2015 aka sami mafita. Aka zaɓi wani titi a unguwar tsohuwar maƙerar jiragen ruwa, kusa da kwalejin da ta gaji makarantar sana'ar da ya yi, aka sa masa sunan lissafin nasa mai shafi 6.